Gargaɗi: Kada A Biya Kuɗin Dabba A Kan Hoto

Jama'ar Salaga da Yendi da Bawku, da 'yan'uwanmu mazauna zangunan Kumasi da Akra da Tema masu aiko da kuɗin layya gida, a saurara. Duk wanda aka turo wa hoton rago ko na sa a waya, aka ce ya tura kafin alƙalami ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, don a riƙe masa, ya dakata. Kada ya tura ko sidi ɗaya sai wani mutum da ya sani, ya kuma san gidansu, ya je ya tsaya gaban dabbar nan ya ɗora mata hannu. Shi ma mai dabba a turke, wanda yake shirin ɗaukarta hoto ya watsa a Facebook ko TikTok ko Jiji, ya dakata, domin tarkon nan baki biyu gare shi: yana kama mai saye, yana kama mai sayarwa.

Da zarar Zulƙida ya kama, wayoyi sukan cika da raguna. Farare sol, an wanke su da sabulu, wasu an sa musu lalle a ƙafa, ga ƙaho ya murɗe, ga kiɗa a bayan bidiyon. Da yawa daga cikin masu tallan nan mutanen kirki ne da suka yi wata shida suna ɗawainiyar dusa da harawa, suna neman wanda zai saya da daraja. Amma a tsakiyarsu akwai waɗanda ba su da ko kaza. Aikinsu shi ne kwashe hotunan mutane. Su ɗauko Balami daga shafin wani mai kiwo a Najeriya, ko ragon Ladum daga Dakar ta ƙasar Sanigal, ko bunsurun Boer daga wata gona a Afirka ta Kudu, su goge sunan mai shi, su rubuta lambarsu, su sa kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Hoton da aka ɗauka shekara uku da suka wuce, na ragon da tuni aka ci namansa, yana nan yana yawo ana sayar da shi ga mutum biyar a rana ɗaya.

Maganarsu kusan iri ɗaya ce. "Alhaji, ragon yana Bawku. Mota za ta tashi bayan la'asar, saura wurin dabba ɗaya. Wani ma ya taya, amma na ce masa na riga na yi magana da kai." Kana tura kafin alƙalami, sai kuɗin mota ya taso. Kana tura wannan, sai wani ya kira da wata lamba ya ce shi ne direba, an tare su a shinge, ana neman kuɗin takardar likitan dabbobi, in ba a biya ba za a sauke ragon. Mutum yana ganin ya riga ya zuba da yawa, ba ya son ya yi asarar na farko, sai ya ƙara. Ranar da ya ce ba zai ƙara ba, ranar waya take mutuwa.

Ba banza suke yawan ambaton Bawku ba. Garin yana bakin iyakar Burkina Faso da Togo, kowa ya san manyan ragunan Sahel ta nan suke shigowa, saboda haka idan aka ce rago yana can, maganar takan shiga kunne. Sannan rikicin sarautar garin, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2021 ya jawo dokar hana fita da takura zirga-zirga, ya sa mutane da yawa ba sa marmarin bin hanyar. Macuci ya san wanda yake Nima ta Akra ko Aboabo ta Kumasi ba zai hau mota ya yi tafiyar yini guda ko fiye don ya duba rago ɗaya ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin 'yan kasuwar Bawku na gaskiya, waɗanda rashin zaman lafiya ya riga ya karya musu ciniki, su ake shafa wa baƙin fenti da laifin wanda wataƙila bai taɓa taka garin ba. Ƙarancin dabbobi ma yana taimakon macutan. A watan Mayu na 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi zuwa waje ana dab da Sallah, kuma duk shekarar da kaya suka yi wuya, mai neman araha yakan rufe ido.

Akwai wata damfarar da ta fi wannan muni, domin ita ragon yana nan da ransa, kuma mutanen kirki biyu take haɗawa faɗa. Ga yadda take tafiya. Wata baiwar Allah a Yendi ta turke rago, ɗanta ya ɗauke shi hoto ya sa a intanet da lambar waya. Macuci ya kira ta a matsayin mai saye, ya yi ta ladabi, "Hajiya, a ƙaro mini hoto ta gefe, a ɗauko mini bidiyo yana cin abinci." Ya taya, ta ce albarka, ya ƙara, ta sallama. Ya ce ƙaninsa zai zo ya duba, in ya gamsu za a turo kuɗi. A ɗaya gefen kuma ya riga ya sa hotunan nan a nasa shafin da farashi mai sauƙi, ya sami mai saye daga Tamale, ya ce masa, "Je ka gidan yayata ka gani da idonka, amma kada ka yi maganar kuɗi da ita, ba ta san nawa na sayar ba." Mutumin Tamale ya zo da a-kori-kura, ya ga rago, ya shafa, ya gamsu, ya tura kuɗi zuwa lambar macucin. Ya kama igiya zai ja, Hajiya ta ce ina kuɗina. Ya ce na biya ƙaninki. Ta ce ni ba ni da wani ƙani, kai ne aka ce ƙanin mai saye. Kafin a gane bakin zaren an tara unguwa, wani lokaci har ofishin 'yan sanda, shi kuwa mai lambar ya cire kuɗi ya jefar da layi. Maganin wannan kalma ɗaya ce da ya kamata a faɗa tun a bakin ƙofa: wa zan biya, kuma nawa? Duk cinikin da aka ce kada ka yi maganar kuɗi da wanda igiyar take hannunsa, tashi ka bar wurin.

To, a ce ma mai tallan na gaskiya ne, ragon nasa ne. Hoto da kansa yana ƙarya. Idan mai ɗauka ya durƙusa ya kusanto da waya kusa da ƙirjin dabba, gilashin kyamarar yakan kumbura abin da yake kusa ya ƙanƙantar da na nesa. A tsayar da yaro ƙarami taku biyu a bayan ragon, sai ɗan tunkiyar gida irin gajerun nan na kurmi ya koma kamar Uda. A ɗauka da yamma rana tana ja, gashi ya yi ta ƙyalli. A ba dabba gishiri ko kanwa ta sha ruwa ta yi tim, ciki ya fito kamar ƙiba. A ɗauka ta gefen dama kawai, saboda idon hagu ya yi fari. Hoto ba ya tari, ba ya ɗingishi, kuma ana share majina da zawo kafin a danna. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke iya ƙara wa sa tozo, su goge ƙurji a fata cikin daƙiƙa kaɗan.

Dubi abin da mahauci ko tsohon dillali yake yi idan ya zo gaban rago. Ba ya ma tsayawa kallon ƙaho. Hannu yake kaiwa gadon baya ya matsa, ya ji ko ƙashi ne yake tokarar yatsunsa ko nama. Ya kama gindin wutsiya, ya shafa haƙarƙari, ya ɗaga dabbar kaɗan ta ƙirji ya ji nauyinta. Ya buɗe baki ya duba haƙoran gaba na ƙasa: in duk ƙanana ne na nono, ragon yaro ne komai girman jikinsa, domin manyan haƙora biyu na farko sai ya kai wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi suke fitowa, a shanu kuwa sai wajen shekara biyu. Ya janye fatar ido ya ga ja ce ko ta koɗe. Ya duba tsakanin kofato, ya leƙa ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne saboda kaska. Sannan ya ce a sake shi ya yi tafiya. Duk wannan bai fi minti uku ba, kuma babu ɗaya daga ciki da hoto zai yi maka. Ga mai layya abin ya wuce asarar kuɗi. Malamai sun karantar da mu cewa dabba mai ido ɗaya, da mara lafiyar da ciwonta ya bayyana, da gurguwa, da ramammiyar da ba ta da kitse, ba sa isar wa layya, haka ma wadda shekarunta ba su kai ba. Mutum ya tara kuɗi shekara guda, a sauke masa dabba daren Sallah, ya ga ba ta cika sharaɗi ba, ina zai nufa a wannan lokaci?

Abin da nake faɗa ba sabon ilimi ba ne. Yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Salaga har Bawku. A babin ciniki an halatta sayar da abin da ba ya gaban ido idan an siffanta shi, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai in abin yana kusa, ko kuwa irin wanda ba a tsoron ya canja ne, kamar gida ko fili ko itace. Dabba kuwa tana cikin abin da ya fi komai saurin canjawa. Rago mai ƙiba a Bawku ranar Litinin yana iya isa Ashaiman ranar Laraba ya rame, ko ya karye a mota, ko ya mutu a hanya. Malamin nan da ya rasu tun shekara ta 996 Miladiyya ya hango matsalar da muke fama da ita a waya yau. Hoto siffantawa ce kawai, kuma siffantawar da mai kaya ya yi wa kayansa. Cinikin biri a sama ke nan idan aka ɗora kuɗi a kansa.

Mutanen Salaga sun fi kowa sanin yadda ake ciniki da wanda ba a sani ba. A ƙarni na 19 fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, wata da watanni a hanya, da jakuna da shanu da dawaki da kanwa da tufafi, su koma da goron Asante. Baƙo ba ya shiga kasuwa haka kawai ya sayar. Yana sauka ne a wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. In ciniki ya ɓaci, an san ƙofar da za a buga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, amma sun tafi da wannan tsari, kuma shi ne har yau yake riƙe da kasuwannin dabbobi na Turaku a Ashaiman da Mayanka a Kumasi. La'adar da ake ba dillali kuɗin shaida ce: ya san mai dabbar, ya san daga garken da ta fito, gobe kuma yana nan a inda ka same shi. Na san ana kuka da dillalai, wasunsu suna cin ƙwan mai kaya da na mai saye, kuma wannan ne ya sa matasa suke murnar waya ta raba su da su. Kukan yana da gaskiya. Amma wanda ya guje wa la'adar sidi kaɗan ya tura dubbai ga lambar da ba ta da fuska, bai yi dabara ba.

Sai maganar cuta, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin a nan rai ake magana. A watan Yuni na 2023 ciwon saifa ya ɓulla a Yankin Gabas ta Sama, aka fara ganinsa a gundumar Binduri, maƙwabciyar Bawku, ya taɓa Bawku ta Yamma da Talensi da Bolgatanga. Dabbobi sun mutu, an rasa ran mutum, hukumomin yankin suka hana zirga-zirga da sayarwa da yanka shanu da tumaki da awaki na tsawon wata guda, aka shiga allurar rigakafi, duk ana saura 'yan makonni Babbar Sallah. Wannan cuta tana iya kashe dabbar da aka gani garau jiya. Takan faɗi farat ɗaya, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa ya fito ta hanci da baki da dubura. Wanda ya feɗe ta, da wanda ya ɗauki fatar, da wanda ya ci naman, duk suna cikin haɗari, kuma ƙwayar cutar tana zama a ƙasa shekaru masu yawa. Idan aka rufe kasuwa irin haka, mai dabbar da yake tsoron asara waya yake komawa. Ya ɗauki hoto, ya karya farashi, a ɗauke ta da dare ta hanyar daji inda babu likita babu takarda. Haka ɓauru da ciwon huhu da kirci suke tsallakawa daga garke zuwa garke. Saboda haka duk dabbar da za ta bar gunduma zuwa wata, a nemi takardar izinin tafiya daga ofishin likitan dabbobi, a tambayi yaushe aka yi mata allura, a kuma ware ta daga sauran dabbobin gida na wasu kwanaki bayan ta iso. Dabbar da ta mutu farat ɗaya kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa, a kira likita.

Ku kuma masu kiwo, musamman matasan da iyaye suke miƙa wa waya su ce a sa mana a intanet, ku dubi abin da yake bayan dabbar kafin ku danna. Hoton da ya nuna ƙofar gida, da hasumiyar masallacin unguwa, da allon shagon maƙwabci, da gajeriyar katangar da ake iya tsallakawa, ya gama yi wa ɓarawo kwatance. Bidiyon da aka zagaya garke duka ana ƙirga shanu ya gaya masa nawa ne, ina suke kwana, da kare ko babu. A fitar da dabbar da za a sayar ita kaɗai, a tsayar da ita jikin bango mara alama, a ɗauka. Kada a aika hoto a matsayin fayil ga wanda ba a sani ba, domin ta wannan hanya yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi idan wayar tana ajiye shi. A rubuta suna da lamba a kan jikin dabbar a cikin hoton, ba a gefe inda za a yanke ba. Baƙon da ya ce zai zo dubawa, a haɗu da shi a kasuwa ko ƙofar gidan sarkin zango da rana, kada a kai shi rugga ko bayan gida. A Dagbon, ƙasar su Yendi, kasuwa tana zagayowa duk kwana shida, a Bawku duk kwana uku, babu cinikin da zai lalace don an jira ranar kasuwa.

Wajen karɓar kuɗi kuma, saƙon tes ba kuɗi ba ne, hoton rasit da aka turo ta WhatsApp ma ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar su. Kafin a kwance igiya, mai dabba ya danna *170# idan MTN yake amfani da shi, ko lambar kamfaninsa, ya duba abin da yake cikin asusunsa da idonsa. Wanda ya kira ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima a mayar masa da ragowa, a duba asusu tukuna. In wani saƙo ya faɗo a waya yana neman lambar sirri alhali kai ake biya, kada ka sa, cire kuɗi ake son yi. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Dattawan da ba sa karatun boko su ne aka fi cuta a nan, don haka 'ya'yansu su tsaya kusa ranar ciniki.

Mai saye ya sani kuma, araha tana iya kai shi kurkuku. Satar shanu ta yi yawa a arewacin Gana da ƙetaren iyaka, kuma dabbar sata ta fi son waya da kasuwa, domin a kasuwa akwai wanda zai gane tsagar kunnenta ko tambarin cinyarta. Dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, wato Act 29, ta hukunta damfara a sashe na 131, ta kuma hukunta karɓar kayan sata da sani a sashe na 146. Idan mai saniya ya biyo sawu ya same ta a turkenka, ba ka da dillali, ba ka da shaida, ba ka da takarda, sai lambar wayar da ta mutu, kai za a riƙe, kuma kai za ka yi ta rantsuwa.

In dole sai an yi cinikin daga nesa, to a yi kiran bidiyo kai tsaye, a ce mai dabbar ya buɗe bakinta, ya nuna idanu biyu, ya ja ta ta yi tafiya, ya tsaya shi babba a gefenta. A sa hoton a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wani shafi. A duba sunan da yake fitowa a MoMo kafin a tabbatar da turawa, in ya saɓa da sunan da mutumin ya faɗa, a tsaya. Rajistar layi da Ghana Card da aka fara a 2021 ba ta hana macuta amfani da katin wasu ba. Amma kada a ɗauka kiran bidiyo ya wadatar, domin mutum yana iya shiga turken wani a kasuwa ya yi maka bidiyo da ragon da ba nasa ba. Abin da yake yanke magana shi ne mutum. Babu ɗan zangon Kumasi ko Akra da zai rasa ɗan'uwa ko suruki ko abokin karatun allo a Salaga ko Yendi ko Bawku. A kira shi, a ba shi kuɗin mai da na goro, ya je ya taɓa dabbar, kuɗin ya bi ta hannunsa, shi zai ɗora ta a motar da aka san direbanta da tasharta.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin da shirun nan ake cutar na gaba. Ya kira kamfanin wayarsa nan take, 100 ga masu MTN, ya ba da lambar cinikin a gwada tsayar da kuɗin kafin a cire. Ya kira ko ya aika saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Gana. Ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, kuma kada ya goge komai: hotunan, da saƙonnin murya, da lambobin da aka kira shi da su, da saƙon MoMo. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a huɗubar Juma'a tun kafin watan Zulhajji ya tsaya, da Hausa da Dagbanci da Gwanjanci da Kusasanci da Fulatanci. Ina roƙon sarakunan zango da sarakunan fawa da shugabannin 'yan turaku a garuruwan nan uku su fitar da sunayen dillalan da suka yarda da su, a aika wa zangunan kudu, domin wanda yake son saye daga nesa ya san wanda zai kira.